Yadda na koya wa waya sallama

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, na zo hutu ƙauyenmu kusa da Zakirai bayan kaka, da aikin kammala karatuna a jaka. Abu ɗaya ke damun mahaifina a lokacin. Duk mai ɗa a makaranta yana da abin faɗa a majalisa bayan La'asar, wannan nasa likita, wancan malamin gona. Shi kuwa in an tambaye shi sai ya ce "kwamfuta" ya sunkuyar da kai, har wasu suka fara cewa wasa kawai nake yi a birni.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa a zaure ya ce in yi masa bayanin aikin nan da Hausa. Ni da nake jin kaina injiniya, sai ga ni ina in'ina. Da ƙyar na ce ƙwaƙwalwar waya kashi biyu ce. Akwai waje, inda wasanni da saƙonni suke, akwai kuma ciki, inda ake ɓoye lambar sirri da zanen yatsa. Na waje ba ya shiga ciki ko da wasa. In yana da buƙata, umarni ɗaya yake bayarwa, ya katse abin da yake yi, ya tsaya a ƙofa har a kai saƙonsa a dawo masa da amsa. Wannan tsayuwar nake rubutawa.

Baba ya ajiye gyaɗar hannunsa ya dube ni.

"Ashe gidan ba shiga ne. Wato sallama kake koya mata."

Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga yadda fuskarsa ta washe. Na ce, "Haka ne, Baba."

Kafin kwana biyu gari ya ɗauka, na koma Malam Sallama. Tsofaffi suna miƙo mini wayoyinsu wai in duba ko tasu tana da tarbiyya. Haushi kamar in koma makaranta a ƙafa, amma Baba bai sake sunkuyar da kai a majalisa ba.

Allah Ya yi masa rasuwa kafin in karɓi takardar shaidata. Yau da wannan aikin nake ci, kuma duk sanda na rubuta umarnin nan amsa tana dawowa nan take. Kewarsa ce dai ba ta sake ni ba. Har yanzu in na je gida sai na tsaya a zauren nan na yi sallama, na ɗan jira, alhali na san mai amsawar ba ya nan.