Sunan Da Na Kira A Filin Ma'adi

Daga Zariya zuwa Kano

Ana idar da sallar asuba muka bar Zariya, ranar wata Laraba, a motar ƙanena. Gwiwa ce ta fitar da ni. Shekara da shekaru ina busa usur a filayen ƙwallon ƙafa, ita kuwa gwiwar hagu ta riƙe abin a ranta, sai da na yi ritaya ta fara ramuwa. Aka ce in je Masar likitoci su duba, tunda ɗana na fari yana karatu a can. Da na san a kan idonsa tafiyar za ta ƙare, da na zauna gida da ɗingishina.

Sunan mahaifina ya ci, Haruna. Yanzu ma rubutawa na yi, amma har ya girma bakina bai taɓa furtawa ba. Ga kunyar ɗan fari, ga sunan uba. Mutanen gida suna ce masa Abba, ni ko wannan ban iya ba. "Kai" nake cewa, in ba ya nan in ce "yaron nan". Uwarsa ma haka. Da ta rako ni bakin mota sai ta miƙo ƙullin kilishi da yaji ta ce, "A ba wancan."

A shingen Kwanar Dangora wani ɗan sanda ya leƙo ya ce, "Alhaji, sai ina?" Na ce asibiti. Ya dubi sandata ya ce Allah ya sawwaƙe. Da hantsi muka shiga Kano, bayan azahar jirgi ya ɗaga.

Madinat Nasr

An yi magariba muka sauka Alƙahira. Yaron nan ya zo tarbata da abokin zamansa, Sadiƙu, ɗan Damagaram, mai surutu kamar rediyo. Tasi ta kai mu unguwarsu, Madinat Nasr, direban yana tuƙi da hon. Gidansu hawa na biyar ne, kuma ba lif, don haka ni da gwiwa muka yi ta zagin juna har sama. Suka kawo min koshari, wato shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake an dama su wuri guda. Na ci don yunwa.

A bayan ƙofa na ga wata sanda mai faɗin baki, da hular kwano mai ragar ƙarfe a fuska. Na ce, "Kai, wannan muciyar fa? Tuwo kuke tuƙawa?"

Ya yi dariya ya ce, "Ta wasa ce, Baba. Harlin sunansa, na mutanen Ailan ne. Akwai wani malaminsu da nake koya wa Larabci a Ma'adi, shi ya ja ni."

Ya yi min bayani. Ƙwallon ba ta fi lemon zaƙi ba, amma tauri gare ta. Ana dukanta da sanda a ƙasa ko a sama, ana cafe ta da hannu. Ba a dukan mutum da sanda, ba a wurga sanda barkatai kusa da kan wani, kuma ba a shiga fili sai da cikakkiyar hula. Na juya hular a hannuna, sai na ga an yanke ƙarfe biyu daidai wurin ido.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne. Suna tare min gani."

"Doka ta yarda?"

"Ba ta yarda ba. Amma Kaftin, alƙalin wasanmu, ba ya dubawa. In ma ya gani, ma'alish ne."

Sadiƙu ya karɓe: "Baba, a garin nan komai ma'alish ne, wato yi haƙuri, ba komai. Ko mota ce ta taka ka, ma'alish, khalas, an gama."

Na ce wa yaron nan ya nemi wata hular. Ya ce daga waje ake kawo su, amma da zarar an gama wasan Juma'a zai sa a taho masa da ita. Ban ji daɗi ba.

Wustul Balad

Ranar Alhamis muka je wurin likitan ƙashi a Wustul Balad, wato tsakiyar gari. Ya murɗa gwiwar, ya sa aka ɗauki hoto, ya ce in dawo mako mai zuwa a tsayar da ranar aiki. Ban koma ba har yau.

Ma'adi

Bayan sallar Juma'a muka hau ƙaramar bas zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauya wani a Wustul Balad, ya kai mu Ma'adi. Unguwa ce mai itatuwa da shiru, sai ka ce ba Alƙahira ba. Filin na wata makarantar baƙi ne. Mutum bakwai-bakwai ne, yawancinsu Turawa, da Misirawa kaɗan, da yaron nan.

Alƙalin wani Bamisire ne mai koyar da motsa jiki, shi ne Kaftin ɗin. Mutum ne mai fara'a, kuma a ganina wannan ne ciwonsa. Bai duba hular kowa ba. Ya tafa hannu ya ce, "Yalla!" wato mu je, aka fara.

Gaskiya wasan yana da kyau, kuma yaron nan ya iya. Na ga ya cafe ƙwallo a sama cikin sanduna uku, daɗi ya kama ni, na kau da kai kada Sadiƙu ya gani. Amma ido na alƙali ba ya ritaya. A ɗaya ɓangaren akwai wani dogo mai jan gemu da yake wurga sanda kamar mai saran itace. Ya sami wani a yatsu, Kaftin ya ce ma'alish, yalla. Ya sami wani a kafaɗa, ma'alish. Waɗanda aka doka suka fara ramawa, domin haka 'yan wasa suke a ko'ina. Usur kuwa yana rataye a wuyan Kaftin kamar laya.

Da aka tafi hutun rabin lokaci na ja sandata na same shi, Sadiƙu yana yi mana tafinta. Na ce ni ma aikina ke nan a gida, kuma dogon nan kati yake nema, in ba a ba shi ba wani zai ji ciwo.

Kaftin ya dafa kafaɗata yana murmushi. "Ya Hajj, wasan abota ne. Da ƙyar muke haɗa mutum goma sha huɗu. In na kori ɗaya, mako mai zuwa ba zai zo ba, wasan ya mutu."

"To ka duba huluna."

"In na duba, rabinsu za su fita. Ma'alish."

Na koma na zauna raina a ɓace. Na ce wa yaron nan, "Kai, ka fito haka." Ya ce, "Saura kaɗan, Baba." Ya ruga.

Ba a daɗe da komawa ba ƙwallo ta faɗi a gabana, kusa da layi. Yaron nan ya sunkuya zai ɗauke ta da sanda, kansa a ƙasa. Dogon ya taho ta gefensa, ya ɗaga sanda tun daga nesa. Na dubi Kaftin, hannunsa bai ko nufi usur ba. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Haruna!"

Ya ɗago, ya juyo gaba ɗaya yana kallona. Bakin sandar ya shiga daidai inda aka yanke ƙarfen. Da bai ɗago ba, saman hular za ta samu. Wannan na sani, domin na sake kallon abin a raina ba adadi.

A lokacin ne Kaftin ya busa usur.

Asibiti

Motar wani daga cikin Turawan ta kai mu wani asibitin ido, ina riƙe da kansa a cinyata, jini yana bin rigata. Rabon da in riƙe shi haka, ban ma tuna ba. Aka yi aiki a ranar. Likita ya ce idon hagu ne, ya fashe, sun ɗinke, sai a jira a gani.

Muka jira. Sadiƙu yana kawo ful, wato dafaffen wake, da gurasa kullum, surutun nan duk ya ƙare. Dogon ya zo yana kuka kamar yaro, ban iya yi masa faɗa ba. Kaftin ma ya zo da ledar lemo, ya buɗe baki, na ce wa Sadiƙu ya gaya masa ya faɗi duk abin da ya ga dama ban da kalmar nan ta ma'alish. Sai ya ajiye lemon ya fita.

Ranar da aka kwance bandeji, likita ya rufe masa idon dama ya haska fitila a na hagu. "Kana gani?" Ya ce a'a. Ya matso da ita. Ya ce a'a. Likita ya kashe fitilar.

Da muka rage mu biyu na tambaye shi abin da ke cina. "Me ya sa ka juyo?"

Ya ce, "Ban taɓa jin sunan a bakinka ba, Baba. Na ɗauka wani abu ne ya same ka."

Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mai sunan.

Komawa gida

Ya ƙi biyo ni, ya ce akwai jarrabawa, kuma ido ɗaya ya isa karatu. Ya roƙe ni kada a gaya wa uwarsa ta waya, in bari sai na isa. Shi da Sadiƙu suka raka ni filin jirgi, yana tafe yana karkata kai don ya ga hanya.

Na sauka Kano lafiya, ƙanena ya ɗauko ni, muka shiga Zariya da la'asar. Na gode wa Allah da ya bar masa na dama. Na gode wa Sadiƙu, wanda ya yi mana abin da ɗan'uwa na jini zai yi, Allah ya saka masa.

Uwarsa ta tarbe ni a tsakar gida, ta karɓi jaka, ta tambayi gwiwa. Sannan ta kau da kai ta ce, "Yaya wancan?"

Na ce, "Haruna yana gaishe ki."

Ta ɗago ta dube ni. Ta san lafiya ba za ta sa sunan nan a bakina ba. Ta zauna a ƙasa tun kafin in gaya mata wane ido ne.