Ragin Tsibi da Ragin Tiya

Shekara tara ke nan, a irin wannan lokaci na kaka, da rasuwar maigidana Malam Laminu, ma'aikacin biron lanho, wato ofishin haraji, a nan Tanut. Yana raye ban taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa Malam nake cewa. Yau na rubuta sunan ɓaro-ɓaro a jarida, domin akwai maganar da aka rataya masa wadda ta daɗe tana ci mini rai, kuma sai bana aka sauke ta. Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, da ta ajiye alli, ba ni da ilimin haraji sai wanda na tsinta a tsakar gidana. Masu sanin abin su yi mini afuwa in na karkace.

Kowa ya sani, mai karɓar lanho ba shi da farin jini. In Malam ya shiga kasuwa, sai hira ta mutu, mai dariya ya haɗiye dariyarsa, mai sabuwar riga ya fara kukan babu. Shi kuwa abin dariya yake ba shi. Ya kan dawo gida ya ce mini, yau ma ya talauta mutum goma da sallama kawai. Mutum ne siriri, mai sanyin magana, mai taurin kai irin na masu shiru. Ko goro ba ya karɓa a bakin aiki, har na sha yi masa tsiya cewa ya auri aikin gwamnati ya mai da ni ƙwarƙwara. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya ga ɗan kasuwa ya biya fiye da abin da doka ta ɗora masa, don kawai takardun da Faransanci suke.

Ina da wa guda ɗaya a duniya, uwa ɗaya uba ɗaya, Yaya Alhaji Habu, babban ɗan kasuwa ne a Belbeji. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya sa ni lakwal, shi ya ba Malam aurena. Yana sauke shinkafa da sukari da ganyen shayi a manyan motoci, kamiyo-kamiyo, don haka lanhonsa a kan ribar shekara ake lissafa shi. Wata shekara ya kawo wa Malam takardunsa ya duba masa. Malam ya nuna masa cewa kuɗin hayar kamiyo da ladan 'yan dako da hayar mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, duk ana cire su daga riba kafin a yanka haraji. Alhaji ya ji daɗi, ya yi ta sa albarka. Sai Malam ya ƙara da cewa akwai wani abin da ya fi wannan. Duk lokacin da ya sauke kaya, akwai ɗan abin da ake yanke masa tun a duwan, wato kwastan, ko wurin babban dila, da sunan somin haraji. In ya ajiye takardun shaida, wannan ana cire shi ne kai tsaye daga harajin da zai biya. Ya faɗi sunan abin yadda yake a takarda, ya ce, "Alhaji, kana da kiredi a wurin hukuma."

Kalmar nan ita ta raba gidanmu. A nan ƙasarmu ta Damargu in ka ce kiredi, abu ɗaya kunne yake ji, bashin banki mai ruwa. Alhaji kuwa bai daɗe da dawowa daga Makka ba, kuma da idonsa ya ga yadda kiredi ya cinye garken wani maƙwabcinsa har da igiyoyin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ya tattara takardunsa ya miƙe. Malam yana ce masa ba bashi ba ne, kuɗinsa ne da ya riga ya biya, shi kuwa yana cewa ai duk mai ba da kiredi da daɗin baki yake farawa. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Amma bayan 'yan makonni, a wurin wani suna a Belbeji, gaban dattawa, Alhaji ya ce mijin ƙanwarsa ya so ya ciyar da iyalinsa haram, kuma wa ya san ladan da ake ba shi a kan kowane mutum da ya jawo. Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya zagayo, har a wurin awon hatsi na ji mata na raɗa cewa mijina dillalin ruwa ne.

Ni na yi ta tafasa, na ce a bar ni in hau mota in je in same shi. Malam ya hana. Ya je da kansa, Alhaji ya karɓe shi a zaure, ya ba shi ruwa, ya ƙi barin a ɗauko zancen. Da ya dawo na ga abin ya taɓa shi, don ranar tuwo kaɗan ya ci. Amma abin da ya ce shi ne, "Laifin kalmar ne, ba na Alhaji ba. Mu da muka yi boko muka kasa ba abin suna da Hausa." Ni dai ban yarda ba, har yau ma ban gama yarda ba. Kalma ba ta zuwa wurin suna ta ɓata mutum.

Da la'asar ɗin wata rana ina sheƙar gero, sai ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna, ya ce in ara masa tiyar awona. Ya tara geron tsibi guda a kan tabarma, ya ce in ɗauka tiya ɗari ne, kuma a misali hukuma na karɓar ɗaya cikin goma, wato tiya goma. Ya share wani gefe na tsibin da hannu, ya ce ga goma an cire saboda wahalar da aka sha wajen nema, yanzu saura tasa'in, za a ba da tara. An cire goma, amma tiya ɗaya tak aka tsira da ita. Wannan ya ce ragin tsibi ne. Sannan ya mai da geron, ya ware goman hukuma gefe, ya ce to in an ce ka riga ka ba da huɗu tun a hanya, shida za ka miƙa, huɗun nan cif sun sauka daga kanka. Wannan shi ne ragin tiya. Duka biyun ragi ne, amma ɗaya a kan abin da ake aunawa yake sauka, ɗayan a kan abin da za ka miƙa da hannunka. Ya tambaye ni ko na gane. Na ce na gane, ya tashi ya ba ni gerona kaji sun fara taruwa.

Da waɗannan kalmomi biyu ya ƙarasa aikinsa. Ya kai su kasuwar Ollelewa, ya kai su Falanko, ya kai su Tenhiya inda rabin masu saurarensa sai an juya musu da Buzanci ko Fulatanci, amma kowa ya san tsibi ya san tiya. Mutane da yawa sun daina jefar da takardun shaidarsu a murhun mai shayi. Mutum ɗaya ne bai taɓa jin bayanin ba, shi ne wanda aka ƙirƙiro shi dominsa. Alhaji ya ci gaba da biyan harajinsa cikakke, ƙari a kan wanda aka riga aka yanke masa, yana alfahari bai taɓa cin kiredi ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ciwon Malam bai yi tsawo ba. Alhaji ya zo jana'iza, ya tsaya a sahu, ya shigo ya ce mini in yi haƙuri. Na ce masa haƙuri na gode, amma maganar da ya faɗa gaban mutane tana nan, kuma ƙafata ba za ta taka gidansa ba sai ya janye ta gaban mutane. Ya dube ni ya fita. Nono ɗaya muka sha, taurin kanmu ma ɗaya ne. Tun daga ranar, in an yi biki ko rasuwa a dangi sai mu zauna nesa da juna, a yi ta kai gaisuwa tsakaninmu ta bakin wasu.

Ba zan ɓoye ba, na sha kaɗaici. 'Yata tana aure a Damagaram, ɗana yana aiki a Yamai, suna kira, suna aike, Allah ya yi musu albarka. Amma waya ba ta zama a kan tabarma. Mafi wuyar lokaci shi ne bayan la'asar, sa'ar da Malam ke dawowa ya rataye hula ya fara ba ni labarin wanda ya rantse yau ba shi da ko sisi alhali zoben azurfa uku ne a hannunsa. Yanzu sai in sheƙe gerona ni kaɗai, na mutum ɗaya, wanda bai kai a tara shi tsibi ba. An ce ɗan'uwa rabin jiki, to ni miji ya tafi, rabin jikin kuma yana nan kusa a Belbeji, ba ya zuwa. Ranar salla nakan dafa abinci da yawa bisa sabo, in ƙare da rabar da shi ga maƙwabta.

Nakan tambayi kaina me Malam zai ce da ya ga yau. An ce yanzu wasu abubuwan ta wayar salula ake biya, kuma biron nasu ya cika da samari da 'yan mata masu na'ura. Na san zai yi murna da raguwar layi a rana, zai kuma yi gunaguni, don takardun har yanzu da harshen da tsohon ɗan kasuwa ba ya ji suke zuwa. Zai ce na'ura ta iya lissafi, amma ba ta iya jawo kujera ta zauna kusa da mutum. Zai kuma yi mamakin yadda ni da yayana muka tsufa muna gaba a kan abin da shi ya yafe tun a daren farko.

Bana, bayan an gama yankan gero, ina zaune da la'asar na ji sallama a ƙofa, muryar da ko cikin barci na san ta. Yaya Alhaji ne, da sanda, ya rame, gemu fari fat. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, muka gaisa kamar baƙi. Ya zauna yana juya carbi. Ya ce zai miƙa wa babban ɗansa kasuwa, shi ya sa ya je biron lanho da kansa a daidaita takardu. Wata ma'aikaciya, wadda ba ta wuce sa'ar jikarsa ba, ta duba ta ce, "Baba, me ya sa ba ka taɓa neman ragin tiyarka ba? Ragin tsibi kawai kake karɓa." Ya ce mene ne haka. Ta yi masa bayani da hannu a kan tebur, kafin ta rufe baki ya gane. Ya tambaye ta sunan abin a takarda, ta faɗa masa. Ya tambaye ta wa ya koya mata wannan Hausar, ta ce ita ma ba ta sani ba, haka ta tarar ana faɗa a biro da kasuwa.

"Ni na san mai ita," na ce masa. "A kan tabarmar da kake zaune aka auna ta, da gerona, saboda kai."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ashe ba bashi ba ne, Hadiza. Ashe nawa ne yake nuna mini." Ya ce ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, ya miƙe a ƙofar masallacin unguwarsu ya faɗa wa jama'a cewa abin da ya taɓa faɗa a kan Malam Laminu ƙarya ne da jahilci, ya roƙi duk wanda ya ɗauki maganar ya ajiye ta. Ya ce dattawan da suka ji ta farko yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, matasan kuwa kallonsa kawai suka yi, ba su san ma wa yake nufi ba. Na yi shekaru ina tanadin abin da zan gaya masa a irin wannan rana, kalmomi masu kaifi. Na tashi na dama masa fura.

In na auna abin da Malam ya bari, ba gida ba ne, don wannan ginin ƙasa ne da ke neman yaɓe kowace shekara. Ba suna ba ne, tunda masu amfani da maganarsa ba su san shi ba. Kalmomi biyu ya bari, suna yawo a kasuwannin Damargu ba tare da shi ba, har suka je suka samo mutumin da ya ƙi sauraronsu daga bakinsa. Da su nake auna shekarun nan ma. Gaisuwar mutane, da kiran yara, da wucewar lokaci, duk ragin tsibi ne, ana cire da yawa amma kaɗan ke sauka daga abin da nake ɗauke da shi kullum. Zuwan Yaya shi ne ragin tiya na farko da na samu. Allah ya jiƙan Malam, ya auna masa da tiyar rahama, ya yafe mana mu da muka tsaya jayayya a bayansa.

Na raka Yaya har bakin mota, ya ce zai dawo da iyali ranar kasuwa. Na komo gida da sauri, zuciyata fal, bakina cike da labari, na ɗaga labule na ce, "Malam, ka san wa ya zo?" Hularsa ce kawai a rataye inda ya bar ta.