Kofunan Iya Shatu Mai Man Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa sayen man gyaɗa a lungunmu, bayan rijiyar Kusugu, ya san Iya Shatu. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nata, kuma na fi shekara ashirin ina jin ƙanshin suyar gyaɗarta kowace safiya. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan magana. Mijinta Malam Ya'u tela ne, ya rasu tun kafin a ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, ya bar mata 'ya'ya uku: Sadiq, da ƙannensa mata biyu da aka aurar daga baya. Sadiq ne ɗan fari, saboda haka ba ta kama sunansa. "Wannan ɗan" take cewa, kowa kuma ya san wanda take nufi.

A shekarar 2001 Sadiq ya bi ta Mai'adua ya tsallaka Nijar, ya nufi Libiya neman na kansa. Ya yi leburanci na ɗan lokaci, daga baya ya samu aikin girki a wani jirgin ruwa na dakon kaya da ke tashi daga Misrata. A cikin shekara ta uku da tafiyarsa wani ɗan garinmu ya dawo daga can, ya kawo mata saƙo ƙunshe cikin tsohuwar riga. Ina wurin ta kwance ƙullin. Kofin tangaran ne mai mariƙi, irin na shan gahawa, da zanen wani gini a bakin teku, a bayansa kuma rubutu ƙanana.

Ta jujjuya shi ta ce, "Kofi? Ya rasa abin da zai aiko mini sai kofi, kamar an daina sayarwa a kasuwar Daura?"

Da yamma ƙanenta Malam Abbas, malamin firamare, ya zo gaishe ta, ta miƙa masa. Ya sa tabarau ya karanta, ya ce, "Yaya, wannan Iskandariyya ce, a ƙasar Masar. An rubuta cewa a da akwai wata doguwar hasumiya a wurin, ana hura wuta a kanta don jirage su ga hanya. Girgizar ƙasa ta rushe ta, aka zo aka gina wannan ganuwar a gurbinta."

Ta ce, "Wato ya taka wurin nan da ƙafarsa?"

"Da alama, Yaya."

Washegari na leƙa ɗakinta, na tarar ta matsar da kwanukan jerenta na aure, ta ɗora kofin a tsakiya.

Daga nan suka riƙa zuwa, wani lokaci biyu ko uku a shekara, wani lokaci a yi shekara babu. Duk tashar da jirginsu ya tsaya sai Sadiq ya sayi kofin garin. Aka kawo na Tunis mai hoton masallacin Zaituna, da na Bairut, da na Santambul, da na wani tsibiri da ake kira Malta. Ita ba ta yi boko ba, amma sau ɗaya Malam Abbas yake karanta mata ta haddace. Matan da ke zuwa sayen mai da ƙuli-ƙuli sukan zauna a ƙofar ɗakinta, ta ɗauko kofi ɗaya ta ba su labarinsa da irin nata bakin. Na Santambul ta fi so. Takan ce, "Garin nan sau nawa ana canza masa suna, masu mulki na zuwa suna wucewa, shi yana nan inda yake. Mutanensa ma da nasu labarin kaka da kakanni, kamar yadda muke da namu a nan."

Akwai na Atina ta ƙasar Girka, wanda ke da hoton wani mutum-mutumi. Malam Abbas ya ce ajiye irinsa a ɗakin da ake salla bai dace ba. Ba ta yi musu ba, kuma ba ta jefar ba. Juya shi ta yi, hoton ya fuskanci bango. Ba ta taɓa bari an sha ko ruwa da ɗaya daga cikinsu ba.

Sadiq ya zo gida a 2007, aka ɗaura masa aure da Rahmatu, 'yar wani mai sayar da hatsi a unguwarmu. Wata huɗu ya yi ya koma. Ya sake zuwa bayan shekara biyu ya ga 'yarsa Khairunnisa tana tatata, ya ce wannan komawar ita ce ta ƙarshe, zai haɗa jari ya dawo ya buɗe shago. A lokacin kofuna sun kai goma sha ɗaya.

A farkon 2011 yaƙi ya ɓarke a Libiya. Ya bugo waya sau ɗaya, ya ce wa Rahmatu jirginsu ba ya tashi, amma suna neman motar da za ta fitar da su ta kudu. Bayan wannan ba a sake jin muryarsa ba. Mutane suka yi ta dawowa, wasu a manyan motoci, wasu da rigar jikinsu kawai. Duk wanda Iya Shatu ta ji an ce ya iso, a Daura ne ko Zango ko Mai'adua, sai ta yafa mayafi ta hau babur ta je. Wani ya ce ya gan shi a Sabha, can kudancin Libiya. Wani ya ce a'a, wancan ɗan Maraɗi ne mai kama da shi. Babu wanda ya ce ya ga gawarsa.

Rahmatu ta zauna. Tare suke suyar gyaɗa, tare suke matsar mai. Iyayenta sun zo sau biyu a kan ta koma gida, ta ce ba za ta bar Iya ita kaɗai ba. Aka yi shekara biyar a haka. Yarinyar da aka kawo amarya da kumatunta ta rame, ta daina kitso sai an matsa mata.

Wata rana da hantsi Iya Shatu ta kira ni ta kan katanga, ta ce in zo in zama shaida. Na tarar da Rahmatu zaune a bakin murhu.

Iya ta ce, "Rahmatu, gobe za mu je wurin alƙali."

"Yin me, Iya?"

"A duba al'amarinki. Shekararki ashirin da bakwai. Ni uwa ce, jira ya zame mini dole har in mutu. Ke bai zame miki ba."

Rahmatu ta fashe da kuka, ta ce, "Iya, korata kike yi? In ya dawo fa, me zan ce masa?"

"In ya dawo ni zan amsa. Ni na kai ki, ba ke kika kai kanki ba."

Na raka su kotun, tare da Malam Abbas da mahaifin Rahmatu. Alƙali ya tambaya wane ne mai ƙara, aka nuna masa tsohuwa, ya sake tambaya don ya tabbatar uwar mijin ce. Sai ya ce ta faɗi sunan wanda ya ɓata. Ta dubi ƙanenta, alƙali ya ce daga bakinta yake son ji. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Sadiq Ya'u." Tun da nake da ita ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Alƙali ya saurari shaidu, ya sa a ƙara cigiya, ya yanka wa'adi. Aka yi cigiyar har a rediyo. Da wa'adin ya cika babu labari, ya yanke hukunci, Rahmatu ta shiga takaba. Mata suka fara shigowa yi wa Iya gaisuwa, ta tare su a tsakar gida cikin ladabi ta ce, "Ku gaishe da Rahmatu, ita aka yi wa hukunci. Ni ban karɓi gaisuwa ba tukuna."

Bayan fitarta takaba da 'yan watanni, wani mai fataucin shanu daga Zango, Alhaji Mainasara, wanda matarsa ta rasu, ya nemi auren Rahmatu. Iya da kanta ta aika aka binciko halinsa. Ranar ɗaurin aure ta sauko da kofunan nan duka, ta wanke, ta sa aka dafa shayi aka kai wa baƙi a zaure. Na ce, "Iya, yau kuma?" Ta ce, "Baƙin 'yata ne, da me zan ba su?" Guda ɗaya ya fashe a hannun wani baƙo, na Bairut. Ta tsince gutsattsarin. Sauran ta mayar da su wurinsu, ta ce na Khairunnisa ne idan ta girma, tunda abin da ubanta ya taɓa da hannunsa ke nan.

Khairunnisa ta zauna wurin kakarta tana zuwa makaranta, Rahmatu kuma kusan kowane mako sai ta zo daga Zango da gero ko nono. Iya ta ci gaba da sana'arta har ƙafa ta gaza. Ko a lokacin, in aka ce wani ya dawo daga arewa, takan aika Malam Abbas ya je ya tambaya.

Ta rasu da damina a 2021, bayan jinyar kwana tara. 'Ya'yanta mata biyu suna wurin, amma da aka zo wanka sai babbar ta ce tun tana da rai ta bar wasiyya cewa Rahmatu ce za ta yi mata. Rahmatu na ɗauke da tsohon ciki a lokacin. Aka ce ta huta, wata ta karɓe ta, ta ƙi. Ta ɗaure zanenta, ni na riƙa zuba mata ruwa, har muka gama aka fito da ita bayan azahar.