Zanen Malam a Jikin Riga

Wanda muke ɗaki ɗaya da shi a Guangzhou ta ƙasar Sin mutumin Maraɗi ne, jakunkuna yake saro a kasuwar Shiling, kuma Allah ya ba shi hannun zane. Idan muka dawo daga kasuwa sai ya yagi kwali ya hau zana mutane. Ya zana hajiyoyi da ɗaurin ɗankwalin da ya fi su tsawo, ya zana samari cikin wando matsattse kamar an ɗura su. Wata rana ya zana malamin da ke jan mu salla: rawani ya kai faifai, tabarau a kan hanci, littafi a buɗe a cinya, ido kuwa yana kan waya. Muka yi dariyarmu, muka manta.

Ashe mai shagon da nake sayen riguna a kasuwar Canaan, wani Basine mai fara'a, ya ɗauki hoton kwalayen ranar da ya kawo mini samfur ɗaki.

Ina shiga layinsu wata safiya na hango Malam a rataye a ƙofar shago, a ƙirjin farar riga. Duk Bahaushen da ya wuce zai gane shi, kuma kowa ya san shagon da nake hulɗa da shi ne. Hoto ɗaya ya isa Kano ta waya, a ce na sa an buga hoton malami a riga ana izgili, shi ke nan. Shagona na tuna, da matata da yara.

Na kira mai shagon yadda ake kiran maigida a can, na ce, "Lawban, sauke wannan! Ina sauran?"

Ya ɗaga hannu yana murmushi. "Meyo." Babu, wai. Wani ɗan kasuwa ya kwashi dila guda, bai san ƙasar da za a kai ba.

Ni da mai zanen muka je wajen Malam bayan azahar, gara ya ji daga bakinmu. Abokina ya yi masa bayani, na miƙa masa rigar. Malam ya karɓi rigar ya daɗe yana dubawa, bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba.

Ya ce, "Ni na yafe. Amma in ta shiga hannun ɗalibaina a gida, ban san ko za su tsaya su saurare ni ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, me za mu yi?"

"Ku yi addu'a. Ni ma zan yi."

Mai shagon ya goge zanen daga na'urarsa a gabanmu. Dilar nan dai ba mu taɓa sanin inda ta sauka ba. Na yi watanni in waya ta yi ƙara daga gida sai na bari ta kusa tsinkewa kafin in ɗauka. Da na koma Kano ma, ƙirjin samari nake kallo a titi kafin fuskarsu.