Yamma Biyu Ce a Jidda

Tashi

Ba a kira sallar asuba ba na fito daga gidan Faisal, ranar Laraba, ranata ta ƙarshe a ƙasar Saudiyya. Kayana na riga na ɗaure su, na jera a bakin ƙofa: babbar jaka a ƙasa, ƙarama a kanta. Ni mutum ne da ba ya son gaggawar ƙarshe. Shekarun da na yi ina riƙe da sito a ma'aikatar ruwa sun koya mini cewa duk aikin da aka yi wa sammako da mutunci ake gama shi. Sai da na zo Jidda na san akwai aikin da sammako ke ɓatawa.

Ga dalilin fitar. Da maiɗakina Rakiya ya kamata mu yi wannan Umara, sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita tun daminar bara. Gadonta bango yake kallo, bangon kuwa babu komai a jikinsa sai farin fenti. Da zan taho na tambaye ta tsarabar da take so, ina zaton za ta ce dabino ko abaya. Sai ta ce, "Malam, teku nake so. Yaya ya yi ta ba ni labarinsa a kaset har ya rasu ban gani ba. Ka ɗauko mini hotonsa, a wanke babba, a rataya mini a nan in riƙa kallo." Na ce an gama.

Faisal ɗan yayan nata ne, haifaffen Jidda, magidanci, yana tuƙa motar wani kantin kujeru. Hausa yana jin ta sarai, amma in zai faɗe ta sai ta fito da ramuka, ya cike su da Larabci. Da na tambaye shi inda zan sami teku mai kyan hoto, ya ce, "Ammi, sahal. Ka tafi yamma. Bahar yamma marra kyau. Yamma bas, halas." Ammi kawu ke nan, bahar kuma teku. Ya ƙara da cewa in jira ya taso daga aiki ya kai ni. Na ce a raina, yaran zamani ke nan, abin da za a yi da safe sai an kai shi dare. Yamma ai ba ta ɓuya. A Jidda ma alƙibla gabas take kamar a gida. Ka ba ta baya, ka miƙe.

Daga Bab Makka zuwa Bagdadiyya

Na yi asuba a wani masallaci kusa da Bab Makka. Ana sallamewa na juya wa liman baya na kama hanya. Kasuwa ba ta buɗe ba, rumfunan yadi duk a rufe, babu kowa sai masu shara da kuliyoyi. Ban taɓa ganin garin da kuliyoyi suka raina mutum irin Jidda ba, kai za ka kauce musu.

Na ratsa tsohon gari, wanda suke kira Balad. Gidaje ne dogaye, tagoginsu na katako da aka sassaƙa sun turo kai waje kamar kejin tattabaru. Da kyau, amma ba su aka aike ni ba. Na ɗauki hoto guda da wayata don in gwada hannuna. Da na duba sai baƙi ƙirin da idanun kyanwa biyu suna harara ta.

Gari ya waye ina fita ta wajen Bagdadiyya, sai ga ruwa shimfiɗe a gabana. Na yi hamdala, na gyara tsayuwa, na yi ta ɗauka, daga dama, daga hagu, a tsaye, a durƙushe. Abu ɗaya ne ya dame ni: ina hango ɗaya gefen, har da motoci suna wucewa. Na ce ashe tekun da ake ta zuzutawa bai fi dam ɗin Gusau ba. Wani Balarabe ya zo wucewa yana sassarfa cikin kayan motsa jiki, na tare shi na nuna ruwan.

"Bahar?"

"La, ya Haj," ya ce, yana dariya. "Buhaira." Ya haɗa yatsu biyu yana nuna mini ƙanƙanta.

Na gane dai ƙanen teku ne. Na tsaya na goge hotunan ɗaya bayan ɗaya.

Na ci gaba da bin yamma har ƙarnin kifi ya tarye ni. Gaba kaɗan na tarar da shingen waya, a bayansa ana hango manyan ƙugiyoyin sauke kayan jirgi. Na ɗaga waya sama da shingen. Ban kai ga dannawa ba wani mai gadi ya ɗaga murya, "Mamnu, ya Haj!" Wato an hana. Ni da na yi shekaru ina hana mutane shiga sito, na san muryar mai gadi in da gaske yake. Na sauke hannu, na ce masa afuwan, na juya.

Ruwais

A nan na tsaya na yi lissafi irin nawa. Na taɓa jin Faisal ya ambaci wata unguwa Ruwais. Ruwais, ruwa. Ai magana ta fito fili. Na tsayar da tasi.

"Ruwais," na ce wa direban.

Da muka shiga unguwar ya waiwayo. "Fen fi Ruwais?" Wato ina a cikinta.

Kalmar bahar ta ɓace mini a lokacin, sai ta ruwa ta zo. Na ce, "Moya. Moya kasir." Wato ruwa mai yawa.

Ya gyaɗa kai, ya sha kwana biyu, ya tsaya a ƙofar wani kanti da aka jera katan-katan na ruwan gora har kusa da rufi. Ya nuna mini da hannu yana murmushi, kamar wanda ya yi mini babbar alfarma. Na biya shi na sauka. Tunda an kawo ni, na sayi gora ɗaya.

Kusa da kantin akwai gidan abinci, na shiga na sa aka kawo mini ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodinsu mai zafi. Ina ci ina mita ni kaɗai, sai wani dattijo a teburin gefe ya ce da Hausa, "Haji, da wa kake faɗa tun da safe?"

"Da garinku," na ce.

Sunansa Malam Haruna, Bahaushen Sudan, ya daɗe a Jidda yana ɗinki. Na kwashe labari na ba shi, tun daga ƙanen teku har kantin ruwa. Ya yi dariya har ya ajiye kofin shayinsa.

"Haji, Ruwais ba Hausa ba ce. In da suna ake bi, da Bagdadiyya a Iraƙi take. Bahar ɗin yana nan kusa, Kurnish za ka ce wa mai mota. Amma yanzu? Ba yanzu ake..."

"Yanzu," na katse shi. "Ni ba na ɗage aiki."

Ya dube ni, ya dubi rana ta ƙofa. "To, Allah ya ba da sa'a. Ka ƙara gora ɗaya."

Kurnish da tsakar rana

Hantsi ya ɗaga sosai na isa Kurnish. Titi ne mai faɗi a bakin teku, da kujerun zama da wuraren wasan yara, amma babu mahaluƙi ko ɗaya. Na yi murna, na ce na riga kowa.

Tekun kuwa na gan shi, wannan karon ba shi da ɗaya gefe. Sai dai kamar an lulluɓe shi da farin mayafi. Ruwa fari, sama fari, ba ka sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Iska babu, sai wani tururi mai ɗanko, rigata ta manne mini a baya kamar an jiƙa ta. Na ɗauki hoto, na sa hannu na kāre fuskar wayar na duba. Fari fat, babu bambanci da bangon da aka aiko ni in rufe. Na matsa gaba na sake, haka. Na hau kan wani dutse na sake, haka. A nan na kira Faisal.

"Faisal, na zo yamma. Na zo har inda yamma ta ƙare, taku ɗaya gaba sai in faɗa ruwa. Ina kyan da ka ce?"

"Ammi, inta fen? Kurnish? Yanzu, cikin rana haka?"

"Kai ka ce in tafi yamma."

Sai na ji dariya ta ƙwace masa. "La, la, Ammi! Yamma! Ba'ad al-asar! Lokacin shams, rana, tana faɗuwa cikin bahar!"

"To ai da yamma ake cewa! Da! Ina ka jefar da da ɗin?"

"Wallahi Ammi, ban san tana da amfani ba."

Ƙaramar kalma ke nan da ko numfashi ba ta ci, ita ta fito da ni kafin asuba ta yawata da ni rabin Jidda. Na so in yi masa faɗa, sai na tuna Malam Haruna ma ya fara gaya mini na toshe masa baki.

Ga yadda lamarin ya tsaya. Na farko, dole ana idar da magariba in kama hanyar filin jirgi. Na biyu, rana ba ta faɗuwa sai dab da magariba. Na uku, cajin wayata ya kusa ƙarewa, na ƙone shi a kan kyanwa da ƙanen teku da farin bango. In na koma gida ba zan dawo a kan lokaci ba. Muka yanke cewa in zauna inda nake, Faisal ya taso daga aiki ya ɗauko jakunkunan ya same ni. Na kashe wayar na sa a aljihu.

Na fake a wani masallaci da ke bakin ruwan. Na yi azahar, na jingina da ginshiƙi don in ɗan miƙe ƙafa. Ni ne mai tsawata wa masu barci a masallacin unguwarmu, kowa ya sani. Ban farka ba sai da wani ya taɓa ni ya ce, "Salla, ya Haj," ana tayar da iƙamar la'asar.

Yamma ta biyu

Bayan la'asar sai wurin ya zama wani wuri. Iska ta taso daga ruwa. Motoci suka fara tsayawa, iyalai suna fitowa da darduma da filas na shayi, masu fatsa suna jera sandunansu a jikin ƙarfen bakin ruwa. Mayafin nan ya yaye, teku ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a baba. Na zaɓi wuri na tsaya, ban kunna waya ba. Rana tana sauka, ni ina duba titi, babu Faisal. A ƙasan sama kuma ga wani siririn gajimare ya kwanta daidai inda za ta bi. Na ce in ta shige bayansa ba ta fito ba, da wane baki zan yi wa Rakiya bayani?

Rana ta yi ja sannan ya iso a guje, makullin mota a hannu.

"Ammi, barka yamma!"

"Barka da yamma."

"Aiwa, ita. Kawo jawwal in ɗauka maka, ni na iya."

"Ni aka aika," na ce.

Ranar ta shiga gajimaren. Can sai ga ta ta ɓullo ta ƙasa, ja wur kamar garwashi, ta zauna a kan ruwa, ta shimfiɗo wata jar hanya tun daga can har gindin duwatsun da muke tsaye. Na kunna waya. Ta ɗauki lokacinta tana gaishe ni da kiɗa, alamar caji ta yi ja. Hannuna na rawa, ban sani ba ko yunwa ce ko mene ne. Na danna. Na sake dannawa, fuskar wayar ta yi baƙi.

"Ya shiga?" in ji Faisal.

"Allah ya sani."

Ranar ta nutse, ladan ya kira salla. Muka yi magariba, muka kama hanyar filin jirgi. A mota Faisal ya sa mini wayar a caji. Da ta farfaɗo na duba, hoto ɗaya ne ya shiga, ga rana, ga ruwa, ga jar hanya. Na dafa kafaɗarsa.

Gida

Mun sauka Kano lafiya, na shiga motar Gusau ta Funtuwa, na iso gida ana kiran la'asar. Washegari na kai hoton aka wanke shi babba, aka sa masa gilashi. Na auna bango da zare, na kafa ƙusa, na rataya shi tsaf, na ja da baya.

Rakiya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Malam, wannan ruwan naka ai gangarowa yake. Zai zubo mini a gado."

Na sa tabarau na duba. Gaskiyarta. Rawar hannun nan ta karkatar da tekun, gefen hagu ya yi sama, na dama ya yi ƙasa. Na ce bari in mayar a gyara. Ta ce ba inda za a kai mata shi. Sai na kama gefen hoton na riƙa karkata shi a hankali, tana cewa ƙara, ƙara, har ruwan ya kwanta daidai.

"Haka," ta ce. "Bar shi haka."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Faisal da iyalinsa da suka riƙe ni, da Malam Haruna da ya faɗi rabin gaskiya na hana shi ƙarasawa. Masu zuwa duba Rakiya kuma ina roƙon ku, in kun ga hoto a karkace ku bar shi yadda kuka gan shi. Maƙwabcinmu ya miƙa hannu zai daidaita, ta daka masa tsawa wai zai zubar mata da teku. Ni kaina duk lokacin da na shiga ɗakin hannuna ƙaiƙayi yake yi, sai in sa shi a aljihu in zauna mu kalla tare.