Taken Hannun Hagu

A Parkchester, unguwarmu da ke New York, in ba ka da take a wurin Baba mai fiyano, to baƙo ne kai, ko da a nan ka haifi 'ya'yanka. Baba mutumin Zangon Kumasi ne, dogo siriri, da hular da ta fi kansa girma. A otal-otal na Accra ya koyi fiyano yana saurayi, ya zo New York da yatsunsa da bakinsa, kuma ban san wanda ya fi wani hutawa ba. Ranakun aiki yana kai tsofaffi asibiti a mota. Asabar da Lahadi kuwa shi ne shugaban makaɗa: shi, da mai jita, da mai kalangu ɗan Maraɗi, da wani mai busa ƙaho da bai taɓa zuwa a kan lokaci ba. Duk wani suna ko walima a zauren da muke haya a Soundview, su ne.

Abin da makaɗan gida ke yi da ganga, shi da fiyano yake yi. Zai zauna yana fuskantar ƙofa, ya ƙura wa tafiyar mutum ido. Wata rana sai ka shigo ka ji kiɗa ya juya, mata sun rangaɗa guɗa: an yi maka take. Daga ranar, duk taron da ka shiga da shi za a tarbe ka. Na Hajiya mai atamfa a hankali yake, da nauyi, kamar ana sauke buhu. Na wani direban tasi sai ya kwasa da gudu, ya tsaya cak, ya sake kwasa. Akwai wani alhaji da ba ya bayyana sai an buɗe kulolin shinkafa da wake, shi nasa da cokali a jikin faranti Baba ke fara shi. Alhajin ya ɗan yi yaji, daga baya ya dawo yana rangaji.

Ni kuwa shiru. Daga Kano na zo aikin jinya, na yi shekaru ba taron da ke wuce ni. Ni ce ɗaura wa amare ɗankwali, ni ce wanke kuloli, amma in na shigo sai Baba ya ci gaba da abin da yake kaɗawa kamar iska ce ta turo ƙofa. Abin ya ci min rai ƙwarai. Har 'yar maƙwabciyata, wadda in ka gaishe ta da Hausa ta amsa da Turanci, tana da take! Na sayi takalmi mai tsini. Na yi ta gwada tafiyar ƙasaita a falo har maigidana ya tambaye ni ko ƙafa ke min ciwo. Wata Lahadi na shiga zauren, na fice ta ƙofar baya, na zagayo na sake shiga. Baba ya ɗago ya ce, "Sannu da zuwa, sannu da sake zuwa," bai sauya ko yatsa ɗaya ba.

Da aka tashi na tare shi yana naɗe wayoyi.

"Baba, me na yi maka?"

"'Yar Kano, ba ki yi komai ba. Ba ki iso ba ne."

"Ni ce ban iso ba? Tun yaushe nake garin nan?"

"Jikinki dai. Kina shigowa kina duba agogo, ido a kan ƙofar exit, kamar wadda ta zo drop saƙo train na jiran ta. Kullum next year za ki koma gida. Yaya zan yi wa mai wucewa take?"

Na ce masa shi tsoho ne mai neman magana, na yi tafiyata. A jirgin ƙasa na zauna ina huci har gida, don gaskiya ya faɗa. Ko hoto ban taɓa ratayawa a bangon ɗakina ba.

Ana nan sai ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ɓarin dama. Da aka sallamo shi, na je gaishe shi ranar hutuna da kunun gyada. Me zan tarar? Makaɗan nan sun cika ɗakin maƙil, taga a rufe, sun baje masa tsire mai uban gishiri, maganinsa kuma yana ƙarƙashin hula ba a taɓa ba. Na manta ni baƙuwa ce. Na banke ƙofa da ƙafa, na kwashe tsiren, na wangale taga, na hau su da faɗa ɗaya bayan ɗaya.

Ina cikin wanke mai ƙaho tas sai na ji kiɗa a bayana. Ashe sun ɗora masa ƙaramin fiyano a kan gado. Da hannun hagu yake bugawa, can ƙasa inda sautin ke da kauri: taku mai sauri, sai dum, sai wani gunguni da ya ƙi ƙarewa. Mai kalangu ya faɗi da dariya yana cewa, "Wallahi ita ce!"

Baba ya dube ni, baki a karkace. "Yau kin shigo kamar gidanku," in ji shi. "Amma rabi ne wannan. In hannun dama ya tashi zan ɗora miki mai daɗin a sama."

Na ce ashe har da mai daɗi a halin nawa. Na shiga kicin wai zan zuba kunu, na sha kukana.

Hannun daman bai tashi ba. Kafin azumi ya kama Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa. A sunan farko bayansa ba fiyano a zauren, amma ina sa ƙafa mai jita ya ɗauko taken da manyan tsirkiyoyinsa, kalangu ya amsa, Hajiya mai atamfa ta rangaɗa guɗa tana share ido.

Daga baya mai jita ya same ni, ya ce ya san hannun Baba, in na yarda zai ƙarasa min rabin da ya rage. Na ce ya bar min abina yadda mai shi ya bar shi. Da shi nake shiga taro har yau, faɗa zalla, kuma matan Parkchester sun rantse bai rasa komai ba. Ni dai na san akwai wani rabi da Baba ya jiyo a tafiyata, ya tafi da shi.