Kwalbar Inna da Ƙafata ta Dama

Wata bakwai ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa Sani tela ya gudu da yadin sallarsu, ku yi haƙuri, ƙafata aka so yankewa.

Ƙusa na taka a shagona a Yelwa. Ɗan ciwo ne, ban ma kula ba.

Da na je gaida Inna a Wara, ta ga ina ɗingishi. Ita a tsohon ƙauyenmu aka haife ta, wanda tafki ya cinye lokacin da aka gina madatsar Kainji. Shekara biyar da suka wuce ruwa ya ja baya sosai har rijiyar gidansu ta fito, ta je ta ciko kwalba ta toshe. Ruwa garai-garai. Da shi ta wanke mini ciwon tana addu'a.

Kwana huɗu, ƙafa ta zama kamar turmi. Zazzaɓi, ruwan ciwo, wari. Aka wuce da ni babban asibiti.

Likita ya ce, "In allura ba ta kama ba cikin mako guda, za mu yanke daga gwiwa."

Wallahi na yi kuka. Tela ba ƙafar taka keke, mi ya rage?

Suka auna jinina, da na ba su labarin ruwan Inna suka sa aka kawo kwalbar. Ƙwayar cuta iri ɗaya suka samu.

Inna ta ce, "Likita, ruwan da ko ƙura babu? Mi za ta ci ta rayu?"

Ya ce, "Inna, wannan ba ta damu da abinci ba. Lafewa take yi shekara da shekaru."

Mako shida ana ɗura mini allura ta jijiya, kullum a kankare ciwon ina ihu. Babur ɗina ya tafi a kuɗin magani. Inna kuwa ta daina cin abinci, wai ita ta kashe ni.

Amma tun a rana ta shida da fara allurar kumburi ya fara saɓewa, ba a yanke ba.

Na gode wa Allah, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a. Jama'a, hasken ruwa ba tsabta ba ne. Ruwan ajiya ku tafasa, ciwo ku kai asibiti da wuri.

Jiya na sauka daga mota a bakin Wara, na ƙi hawa komai, na taka har ƙofar ɗakinta. Na ce, "Inna, ga ƙafar da kika kashe ta kawo ni. A zubo tuwo, tare za mu ci."

Ta cinye malmala biyu.